Takardar jaje ba ta kare ɗalibi daga mai riƙe da bizarsa

Ranar 28 ga Mayun 2025 Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Marco Rubio, ya sanar da cewa gwamnatinsu za ta shiga soke bizar ɗaliban ƙasar Sin ba sassauci, musamman masu alaƙa da jam'iyyar Kwaminis ko masu karatu a fannonin da ya kira masu muhimmanci. Bai fayyace wace irin alaƙa ba, bai lissafa fannonin ba. Jam'iyyar da ke da mambobi sama da miliyan 90, wane ɗalibi ne za a bincika danginsa a rasa kawu ko goggo a cikinta? Ɗaliban Sin da ke Amurka a zangon karatu na 2023 zuwa 2024 sun haura 277,000. Kowannensu ya kwana da wannan magana a ransa.

Rubio bai ba ni mamaki ba, don an san inda ya dosa tun yana majalisar dattawa. Abin da ke ɓata min rai shi ne abin da ke biyo baya a harabar jami'o'i duk lokacin da irin haka ta faru. Shugaban jami'a zai aika wa kowa saƙo cewa jami'arsu gidan kowa ce. Majalisar ɗaliban digiri na biyu da na uku za ta zauna, ta yi muhawara kan kalmomi, ta amince da takardar nuna goyon baya, ta ɗora a shafinta, ta liƙa lambar wayar ofishin masu ba da shawara a ƙasa. Daga nan a koma shirin liyafar ƙarshen zango. Tun 2020 ake wannan zagaye, kuma har akwai masu alfahari da shi, suna cewa ai magana ita ce matakin farko. Shekara da shekaru ana kan matakin farko!

Ba na raina alhinin da aka nuna a 2021. Ranar 16 ga Maris na wannan shekarar wani ɗan bindiga ya bi wuraren tausa uku a yankin Atlanta ya kashe mutum takwas, shida daga ciki mata ne 'yan asalin Asiya. Kafin nan ƙungiyar Stop AAPI Hate mai yaƙi da ƙin jinin 'yan asalin Asiya, wadda aka kafa a Maris na 2020, ta tattara rahotanni kusan 3,800 na zagi, tofa yawu, tsangwama da duka cikin shekara guda, a daidai lokacin da shugaban ƙasa na lokacin, Donald Trump, da kansa ke kiran korona cutar Sinawa. Wanda duk ya kunna kyandir a wannan makon ya yi abin da ya dace da mutum mai imani. A watan Mayu Shugaba Biden ya sa hannu kan dokar laifukan ƙiyayya masu nasaba da korona. Duk da haka a Janairun 2023 wata mata ta daɓa wa ɗalibar Jami'ar Indiana 'yar shekara 18 wuƙa a kai cikin bas a garin Bloomington, ta kuma shaida wa 'yan sanda cewa don ta ga kamar Basiniya ce.

To amma ɗalibin da ke neman digirin dakta ba a kan titi kaɗai yake haɗuwa da wariya ba, kuma wannan ne abin da takardun jaje suke kauce wa faɗa. Mai zagin sa a tashar bas ba ya riƙe da rayuwarsa. Mai riƙe da ita yana zaune a ofis, hawa ɗaya da ɗakin gwaje-gwajen da yake kwana a ciki.

A tuna abin da ya faru a Jami'ar Duke a Janairun 2019, tun kafin a san da wata annoba. Shugabar wani shirin digiri na biyu a fannin ƙididdigar kiwon lafiya ta aika wa ɗalibanta saƙo. Ta ce malamai biyu sun zo ofishinta sun nemi ta nuna musu hotunan ɗalibai, don su gane waɗanda suka ji suna hira da Sinanci da ƙarfi a ɗakin hutawa. Me za su yi da hotunan? Ta faɗa ƙarara: don su riƙe sunayen, in waɗannan ɗalibai sun zo neman aikin koyon sana'a ko neman malamin da zai duba aikinsu. Sai ta gargaɗi ɗaliban da su riƙa magana da Ingilishi ɗari bisa ɗari muddin suna cikin ginin. Ka dubi wannan da kyau, mai karatu. Yara ne suka fito daga aji, suka zauna suna hira da harshen iyayensu, ba wanda suka zaga. Aka bi su da hoto. Da saƙon ya fita duniya aka yi ta Allah wadai, matar ta sauka daga shugabancin shirin, shugabar makarantar koyon aikin likita ta nemi afuwa. Amma haɗarin na wajen malaman nan biyu, da ire-irensu da suka fi su wayo, waɗanda ba za su taɓa bari niyyarsu ta shiga rubutu ba.

Wanda bai san tsarin karatun dakta a Amurka ba zai ɗauka ina ƙara gishiri. Ga yadda abin yake. A fannonin kimiyya da injiniya, inda ɗaliban Sin da Indiya da Koriya suka fi yawa, alawus ɗin ɗalibi yakan fito ne daga kuɗin binciken da sufabaizansa, wato malamin da ke duba aikinsa, ya samo. Shi zai ce an gama ko ba a gama ba. Shi zai rubuta takardar shaidar da za ta samar wa ɗalibi aiki. Biza kuwa tana rataye ne da ci gaba da zama ɗalibi, kuma dokarta ba ta yarda ya yi aikin da ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu, galibi a cikin harabar jami'a. Idan sufabaiza ya janye kuɗi, ba wanda ya ɗauke ka, karatu ya tsaya, biza ta bi shi, sai haɗa kaya. Ɗan ƙasa da aka zalunta zai iya fita ya nemi wani aiki a gari. Baƙo ba shi da wannan ƙofa. Shi ya sa yake haɗiye maganar da aka yaɓa masa kan lafazinsa, yake shiru in aka ce ai ku dama kamar injin kuke, ba kwa gajiya, aka tara masa aikin mutum uku. Ka ce wa irin wannan ɗalibi ya kai ƙara ofishin da jami'ar ce ke biyan ma'aikatansa, kan farfesan da ke kawo wa jami'ar miliyoyin daloli. Zai yi maka godiya, ya koma bakin aikinsa.

Majalisar ɗaliban ta san duk wannan, don mambobinta su ma a ƙarƙashin sufabaiza suke. Sai dai an gina ta ne a kan ba da shawara. Tana karɓar kaso daga kuɗin da ɗalibai ke biya, tana raba tallafin zuwa taruka, tana shirya liyafa, tana tura wakilai kwamitoci inda ake sauraron su da ladabi. Ba laifi ba ne yin waɗannan. Laifin shi ne a bar hukumar jami'a tana nuna takardun majalisar a matsayin shaidar cewa ana yin wani abu. Ihu bayan hari ne, kuma jami'a na son sa saboda ba ya cin ko sisi.

Masu cewa batun tsaron ƙasa ne ba wariya ba, sai su fara bayyana mana yadda shirin nan na Ma'aikatar Shari'a da aka fara a 2018 don farautar 'yan leƙen asirin Sin ya ƙare da kame malamai kan cike fom. Farfesa Anming Hu na Jami'ar Tennessee, an bi sawunsa da na ɗansa kusan shekara biyu, alƙali ya wanke shi a Satumban 2021. Farfesa Gang Chen na jami'ar MIT, an kama shi a gidansa a Janairun 2021, bayan shekara guda gwamnati ta janye tuhumar da kanta. A Fabrairun 2022 aka rufe shirin, ma'aikatar da bakinta ta yarda cewa ya haifar da zaton ana nuna bambanci. Abin lura a labarin Chen shi ne MIT ta biya masa kuɗin lauya, abokan aikinsa sama da 100 suka sa hannu a wasiƙar kare shi. Babban farfesa ke nan, ɗan ƙasa, mai suna a duniya, kuma sai da ya sha wuya. Ɗalibin shekara ta biyu da ke wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajensa fa, wa zai biya masa lauya?

Kuma mun ga abin da ke aiki. A 6 ga Yulin 2020 hukumar shige da fice ta ce duk ɗalibin waje da jami'arsa ta koma karatu ta intanet ya bar ƙasar. Harvard da MIT suka garzaya kotu, ranar 14 ga wata gwamnati ta janye. Kwana takwas. Jami'o'i sun iya sauri in abin ya taɓa aljihunsu, don ɗaliban waje sun zuba wa tattalin arzikin Amurka kusan dala biliyan 44 a zangon karatu na 2023 zuwa 2024 kaɗai. A Afrilun 2025 aka goge rajistar dubban ɗalibai daga kundin gwamnati ba tare da sanarwa ba, wasu kan ƙananan laifukan tuƙi, wasu kan tuhumar da aka riga aka yi watsi da ita. Abin da ya dawo da su shi ne ƙararrakin da aka yi ta shigarwa a kotuna daban-daban, alƙalai suna ta ba da umarnin dakatarwa, har gwamnati ta ja da baya kafin ƙarshen watan. Ɗalibin da ya samu lauya da wuri shi ya fara samun barci.

A cikin harabar jami'a ma haka ne. Ɗaliban da ke koyarwa da bincike a Jami'ar Columbia ta New York sun yi yajin aiki na mako goma, daga Nuwamban 2021 zuwa Janairun 2022, kuma ɗaya daga manyan buƙatunsu ita ce a ba su damar kai ƙarar wariya da cin zarafi gaban mai sasanci daga waje, wanda ba jami'ar ke iko da shi ba. Sun samu wannan ƙofa. A ƙarshen 2022 ma'aikatan ilimi kusan 48,000 na Jami'ar Kalifoniya suka ajiye aiki na kusan mako shida, suka ɗaga mafi ƙarancin albashin mataimakan malamai daga kusan dala 23,000 zuwa kusan 34,000, suka kuma sa kariya daga cin zalin shugabanni a cikin yarjejeniya. Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka yi wannan, ba majalisun ba da shawara ba. Masu cewa ɗalibi almajiri ne ba ma'aikaci ba, don haka bai kamata ya shiga ƙungiya ba, hukumar ƙwadago ta Amurka ta riga ta ba su amsa tun 2016 cewa ma'aikaci ne. Ba ka kiran mutum almajiri alhali shi ke koyar da ajinka yana duba takardun jarabawarka.

Na san abin da wasu daga cikin namu za su ce, don na sha ji: me ya shafe mu, ai Sinawa ma sun wulaƙanta mu. Gaskiya ne an yi. A Afrilun 2020 an kori 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou da sunan korona, 'yan Najeriya suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon. Abin ya yi ciwo, kuma ba a manta ba. Amma ɗora wa yarinyar da ke karatu a Indiana laifin jami'an Guangzhou shi ne ainihin tunanin matar da ta daɓa mata wuƙa: a kama mutum ɗaya da laifin ƙasa guda. Mu da aka daɗe ana kallon fasfonmu da zargi a filayen jirgin sama bai kamata a koya mana illar wannan ba. Ɗaliban Najeriya a Amurka sun kai kusan 20,000 a zangon karatu na 2023 zuwa 2024, kuma bizarsu iri ɗaya ce da ta Basinen, sufabaizansu iri ɗaya ne, ofishin kai ƙarar ma ɗaya ne. Mako guda bayan sanarwar Rubio, aka fitar da jerin ƙasashe 12 da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka, da Chadi da Sudan a ciki. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka majalisun nan su rage rubutu su taɓa kuɗi. Su yanke daga kason liyafa su ajiye lauyan shige da fice wanda ɗalibi zai kira a daren da aka soke masa biza. Su matsa wa jami'a ta ware alawus na zango guda ga duk wanda ya rabu da sufabaizansa saboda zalunci, don ya samu sararin neman wani ba tare da ya rasa zama ba. Su nemi a riƙa bayyana yawan ƙararrakin wariya da aka shigar da kuma yadda suka ƙare, sashe-sashe. Inda akwai ƙungiyar ƙwadago su tsaya bayanta a fili, ko da hakan zai sa shugaban jami'a ya daina gayyatar su shan shayi. Yadda za a tsara wannan ya danganta da kowace jami'a da dokar jiharta, su suka fi ni sanin gidansu. Ɗalibanmu da ke can kuma su daina kallon zaɓen majalisar a matsayin wasan 'yan ƙasa, su fito takara, su haɗa kai da ƙungiyoyin ɗaliban Sin da Indiya, waɗanda su ne mafi yawan ɗaliban waje a jami'o'in.