Jami'o'in duniya na haɗa kai don kurame, mu a Maradi ta ina za mu shiga?

Jama'a, duk lokacin da aka ce wata jami'armu ta ƙulla yarjejeniya da ta ƙasar waje, abin da ake lissafowa ba ya wuce noma da likitanci da aikin injiniya. Babu laifi. Amma akwai fannin da jami'o'in duniya suka daɗe suna taimakon juna a kansa, mu kuwa ko zancensa ba mu yi, wato karatun jami'a ga kurame.

A birnin Washinton na Amurka akwai Jami'ar Gallaudet tun 1864, Abraham Lincoln ne ma ya sa hannu a takardar da ta ba ta ikon ba da digiri. Da maganar hannu ake darasi a cikinta. A 1988 ɗalibanta suka rufe ƙofofin makarantar, suka ce ba su yarda a sake ɗora musu shugaba mai ji ba, kuma ba su buɗe ba sai da aka ba I. King Jordan kujerar, kurma ɗan'uwansu. A garin Rochester na Amurka akwai kwalejin NTID, inda kurame ke karatun fasaha, Japan ma tana da irinta a Tsukuba. A 2001 gidauniyar Nippon ta zuba kuɗi, waɗannan biyun suka ja wasu jami'o'i a jiki, har da ta Tianjin a ƙasar Sin da Bauman ta Mosko. Abin da ya burge ni shi ne inda kuɗin suka tafi: horar da malamai, ɗakunan kwamfuta, da musayar malamai da ɗalibai.

To, a ce gobe mutanen nan sun sauka Maradi sun ce ga gurbin karatu kyauta, a kawo kurame masu BAK, takardar shiga jami'a. Wa za mu miƙa musu?

Akwai wata yarinya a unguwarmu, sanƙarau ne ya tafi da jinta tana ƙarama, kamar yadda ya yi wa yara da yawa a wannan yanki namu. Ta yi firamare inda ake koyarwa da hannu, tana cikin na gaba-gaba. Da ta shiga kwaleji sai aka zaunar da ita a aji cunkushe da masu ji. Na ga littattafanta da idona, rubutu kamar na inji, duk abin da aka sa a allo ta kwafe shi tsaf, har da jan layi. Amma da mushe ya juya wa aji baya yana rubutu yana bayani, ita darasi ya ƙare mata. Ranar shifta kuwa alƙalami kawai take riƙewa tana kallon bakinsa. Ba ta kai BEPC ba. Yanzu ɗinki take yi, kuma wallahi ta iya, sai dai ba shi ta zaɓa ba.

Shi ya sa nake ganin duk haɗin gwiwar da za ta fara da ɗaukar ɗalibi ɗaya ko biyu a kai su Amurka, bene ne aka gina ba matakala. Abin da ya rage mana shi ne tafinta da malami. Tafinta kuma ba wai wanda ya iya gaisuwa da tambayar farashi da hannu ba. Wanda zai tsaya gefen allo ya juya darasin lissafi ko kimiyya yana buƙatar horo na shekaru, da takardar shaida, da albashi, kuma a dogon darasi mutum biyu ne ke karɓar juna domin hannu da kai suna gajiya. Wannan aikin jami'a ne. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan cikin garinmu, ENS tana Yamai tana fitar da malaman kwaleji da lise. Nan ya kamata ƙwararrun waje su zo su zauna su horar da namu.

Kuma kafin mu hango Washinton, mu dubi kudu. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki, inda ake koyar da kurame, tun 1977, Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, a Oyo kuma akwai kwalejin tarayya sukutum da aikinta ke nan, horar da malaman irin waɗannan yara. Wannan hanyar ma ba sabuwa ba ce. Andrew Foster, baƙar fata na farko da ya sami digiri a Gallaudet a 1954, ya buɗe makaranta a Akara a 1957, daga baya ya riƙa tara matasa daga ƙasashen da ke amfani da Faransanci yana horar da su a Ibadan, su koma gida su koyar. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu 32 a ƙasashe 13. Ɗan mishan ne, na sani, wani zai ɗaga gira. Amma ta dalilinsa maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Nijar da na Najeriya tushenta ɗaya, ta Amurka. Mu masu ji Faransanci da Ingilishi sun raba takardunmu, su kuwa alamominsu da yawa iri ɗaya ne.

Sai dai a nan nake da fargaba. Kuraman ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannun tun kafin zuwan boko, wadda ake ciniki da ita a kasuwa, ake hira da ita a majalisa. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarce ta, ta fitar da littafi a kanta a 2000. Yaron da ya koyi ta makaranta kawai, yakan dawo gida ya tarar shi da tsohon kurman unguwarsu sai an yi da gaske suke fahimtar juna. Idan baƙi suka zo da kuɗi da ƙamus ɗinsu, ba wanda zai tuna da ta gida sai in mun sa ta cikin sharaɗi. Harshe ne da ya ratsa Maradi da Katsina da Kano, ya cancanci jami'o'in garuruwan nan su haɗu su tattara shi, su ɗauke shi a bidiyo daga hannun dattawan da suka iya shi.

Duk zaman da za a yi kuma, a sa shugabannin ƙungiyar kurame a teburin da ake yanke shawara, da tafintansu, tun ranar farko. Tawagar farko ma ba ta buƙatar tikitin jirgi: mota ce daga tasha, a bi ta Ɗan Isa da Jibiya, a kwana Kano.