Tawakkalin mutanen Maiduguri da tambayar Alau

Ban yarda da marubucin wani rahoto da na karanta ba inda ya ce mutanen Maiduguri sun miƙa wuya ne kawai, don ya ji suna cewa "haka Allah Ya so" bayan ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda fashewar madatsar ruwa ta Alau da ke kusa da birnin ta jawo. Wanda ruwa ya tashe shi cikin dare a unguwar Gwange, ya ɗora ɗansa a kafaɗa yana laluben tudu cikin duhu, bakinsa bai daina ambaton Allah ba, ai wannan shi ne ainihin tawakkali, domin zuciya ta dogara amma ƙafa ba ta tsaya ba. Duk mai sharhin da ya ce addu'a ba ta tare ruwa, ya kamata ya tuna cewa Annabi (SAW) ya ce wa Sayyidina Abubakar a kogon Saur lokacin hijira kada ya yi baƙin ciki, Allah yana tare da su, amma kafin nan an tanadi raƙuma da ɗan jagora, kuma sai da suka kwana uku a ɓoye. Abin da rahoton ya tsallake shi ne, madatsar Alau ta taɓa jawo irin wannan ambaliya a 1994, ke nan akwai shekara talatin na gargaɗi. Talakan da ya rasa gidansa ya yi haƙuri, ya cika nasa ɓangaren. To waɗanda aka damƙa wa amanar kula da madatsar, wane tanadi suka yi kafin su ma su fake da ƙaddara?