Sunanta jif, amma a tambayi rairayin hanyar Dukku

Abokaina uku ne a watan nan suka yi min tambaya iri ɗaya: su sayar da ƙaramar motarsu su sayi ƙaramar jif, ko su yi zamansu? Duk wanda na tambaye shi dalili sai ya yi murmushi ya ce ai girma ya fara kamawa. To bari in amsa muku gaba ɗaya a nan, don shekarata huɗu ina riƙe da irin wannan motar a Gombe, na ci daɗinta, na kuma sha kunya a cikinta.

Tawa RAV4 ce ƙirar 2010, mai silinda huɗu, inji 2.5, irin mai goye da safaya a ƙofar baya. 'Yar Amurka ce, ta Legas ta shigo, na saye ta a 2021. Ba girma ne ya sa na saye ta ba, layinmu ne. Wanda ya san Gombe ya san garin a cikin kwari yake, ƙasarmu kuma rairayi ce, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya haƙa maka rami a ƙofar gida. Mu da muke can bayan Tumfure inda kwalta ba ta kai ba, duk watan Agusta sai layin ya koma ƙaramin rafi. Lokacin ina da Corolla, shekara uku a jere ina ajiye ta a gidan wani bawan Allah a bakin titi, in naɗe ƙafar wando in ƙarasa gida. Ranar da na yi ƙarfin hali na shiga da ita kuwa, sai ka ji cikinta yana gurzar ƙasa, ƙurrr, kamar a haƙarƙarinka. Salansa sau biyu ina kai ta walda.

Abin da na saya da kuɗina tsayi ne, kuma ba wani tsayin a zo a gani ba. Daga ƙasa zuwa cikin motar nan santimita 19 ne, na Corolla wajen 15. Ka haɗa yatsunka uku, iyakar bambancin ke nan. Amma yatsu ukun nan su suke shigar da ni gida da damina, su suke tsallakar da ni tudun da matasan unguwa suke tarawa a tsakiyar layi don rage gudun 'yan acaɓa, su ne kuma suka sa na daina karkata mota kamar kaguwa in zan hau kwalbati. A hanyar Bauchi ma, kilomita 150 ɗin nan da 'yan kai, zamanka a sama kaɗan yana sa ka hango rami tun kafin ka zo kansa. Wanda ya saba bin ta Bara da Alkaleri har gadar Dindima bayan an ɗauke ruwa ya san amfanin wannan.

Akwai wani amfanin da ban sa shi a lissafi ba sai da na gani. Goggona tana fama da gwiwa, duk wata nake kai ta asibiti. A tsohuwar motar sai mutum biyu sun kama ta, don kujerar a ƙasa take, zama faɗawa ne, tashi kuma yaƙi. Wata rana wani ɗan uwa ya zo ɗaukarta da Hilux, ta tsaya ta dubi matakalar ta ce ita ba ta hawa soro. A wannan kuwa kujerar daidai ƙugunta take. Ta juya baya, ta zauna kamar a bakin gado, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar da hannu, shi ke nan. Ranar farko da ta shiga ba mai riƙe ta, ta ce, “Ɗan nan, wannan ita ce mota.” Ko don wannan ban yi asarar kuɗina ba.

But ɗinta ma ba laifi. In aka kwantar da kujerun baya, buhun masara uku da jarkar manja da keken yara duk suna shiga. Ƙofar bayan gefe take buɗewa kamar ta ɗaki, don haka in za ka faka a kasuwa ka bar mata fili.

Sai kuma kuɗin suna. Tun ranar da na shigo da ita na zama Alhaji, ni da ko Umara ban je ba. Mai wankin mota ya ƙara min kuɗi, ya ce na jif daban ne. Mai faci haka. A shingen hanya, wanda da yake ɗaga min hannu in wuce yanzu sai ya leƙo ya ce, “Yallaɓai, yaranka ne a rana.” A dangi kuwa ba a magana. Duk bikin da ya taso sunan motata yana cikin masu ɗaukar amarya, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ko akwai mai a tanki. Wani ƙanin babana ya aiko a ce min rufin ɗakinsa ya yaye, ya ƙara da cewa tunda Allah ya buɗa min har na hau jif, ya san ba zan ba shi kunya ba. Albashin nan dai shi ne na jiya, ko kwabo bai ƙaru ba.

Mai kuwa, lokacin da na saye ta lita ba ta kai naira 200 ba. Tankinta lita 60 ne, da dubu 12 na cika shi fal har da canjin tsire. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Cikon tanki ɗaya ya koma sama da dubu 60, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 70. A nawa lissafin, cikin gari da esi a kunne, daga Tumfure zuwa Jekadafari zuwa Pantami, tsaya nan taka can, lita ɗaya ba ta ba ni fiye da kilomita 7 ko 8. A doguwar hanya takan kai 10 zuwa 11 in ban matsa mata ba. Zuwa Bauchi da dawowa rabin tanki ne. Motar ta fi ƙaramar mota nauyi, ta fi ta tsayi don haka iska ta fi dukanta, ga ƙarfen da yake kai juyi ƙafar baya, duk waɗannan a gidan mai ake biyansu. Kuma kada wani ya ce min a kashe esi, sai dai in bai taɓa zama a mota a Gombe da azahar ɗin watan Afrilu ba.

Amma kuɗin sunan da ya fi min ciwo ni na caji kaina. Da ranin shekarar da na saye ta muka tafi gaisuwar rasuwa wani ƙauye, ana sauka daga titin Dukku a bi burji, daga baya burjin ma ya ƙare. Mu biyar ne a ciki, ga buhun shinkafa da katan-katan na ruwa a but. Muka iso wani busasshen rafi, faɗinsa bai fi taku arba'in ba, rairayi fari tas. Wani dattijo a kan keke ya tsaya ya ce, “Alhaji, ku zagaya ta gabas, can ƙasar ta fi ƙarfi.” Na gode masa, a zuciyata ina cewa wannan bai san fowil ba, wato mota mai jan ƙafa huɗu irin tawa. Na shiga a hankali, wai ina lallaɓa ta, wanda shi ne kuskuren farko. Muna kaiwa tsakiya na ji ta yi nauyi. Na taka totur, kuskure na biyu. Tayoyin gaba suka haƙa wa kansu kabari, rairayi yana tashi har gilashi. Sai a lokacin na tuna da maɓallin lok, mai sa ƙafa huɗun su ja tare, na danna, amma aikin gama ya gama, cikinta ya riga ya zauna daram a kan yashi, tayoyin suna juyawa a banza.

Awa biyu muka yi a wurin. Muka sauke kaya, muka yi haƙa da hannu da murfin kula, matasa suka saro rassan sabara aka cusa ƙarƙashin tayoyi. Wani direban akori-kura da ya zo wucewa shi ya ce in sace iskar tayoyin su baje, abin da ban taɓa ji ba sai ranar. Daga ƙarshe shanun noma biyu aka kawo aka ɗaura igiya. Suna jan ta wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya dube ni, ba da rashin kunya ba, da mamaki na gaskiya, ya ce, “Baba, ashe jif ma tana kafewa?” Dattijon mai keke yana zaune a gindin bishiya tun ɗazu, bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi min zagi.

Bayan na dawo ne na zauna na fahimci abin da nake hawa. Irin su Prado da Hilux a kan sasi aka ɗora su, gangar jiki daban, ƙarfen ƙasa daban, suna kuma da ƙaramar giya ta ja a laka da yashi. Tawa jikinta da sasinta abu ɗaya ne, kamar na Camry, kuma ba ta da waccan giyar. A tafiyar yau da kullum ƙafar gaba ce take ja, sai ta ji santsi take tura wani kaso baya. Maɓallin lok ɗin yana raba ƙarfin kusan biyu ne tsakanin gaba da baya, da ka wuce gudun kilomita 40 ya saki da kansa, kuma kafin a shiga ake danna shi, ba bayan an kafe ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa ma ƙafar gaba kaɗai gare su, mai ita bai sani ba, yana ta cika baki a majalisa. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta, in ba ka ga doguwar sandar ƙarfe ta tafi baya ba, to ƙaramar mota ce mai dogayen ƙafafu.

Wajen gyara ban sha wahala ba, amma sai da na sauya bakanike. Na farkon duk motar da ta shigo garejinsa magani ɗaya yake ba ta: baƙin mai mai kauri 20W-50, a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. A murfin injin kuwa an rubuta 5W-20 ɓaro-ɓaro. Da na nuna masa ya ce, “Oga, wannan na Turawa ne.” Ranar da ya ce in bari ya fasa indomin salansa, wato abin tace hayaƙin da yake cikinta, ya zubar don mota ta sami numfashi, ranar na ɗauke motata, don na san abin da ake fasawar kuɗi ne a kasuwa. Na yanzu yaro ne matashi mai na'urar kwamfuta, ba ya kwance komai sai ya duba abin da wutar cek take faɗa. Man giya ma nata daban ne, WS ake ce masa, wanda ya zuba mata kowane jan mai don araha zai sayi giya. Kayan gyara ana samu a nan Gombe, wanda babu a aika Ƙofar Ruwa a Kano, kwana ɗaya ko biyu ya iso a motar haya. Sai dai tunda dala ta tashi, ɗan Beljiyam ma ya zama na masu hali.

Inda take cin kuɗi a kai a kai shi ne ƙafa. Gargadar burji da ramuka suna cinye bushin da linkej, kusan duk bayan damina sai na ji ƙwaƙwas-ƙwaƙwas a gaba. Laifina ma yana ciki, don tsayin nan yana sa mutum ya daina tausayin mota, ramin da da nake zagayewa yanzu faɗa masa nake yi. Taya kuma lamba 17 ce, kuɗinta ba ɗaya ba ne da lamba 15 ta ƙaramar mota, ga shi mai jan ƙafa huɗu ba ta son a haɗa mata sabuwa da sanƙo, ko wannan girma da wancan. In za ka sayi ta hannu ka duba lambobi huɗun da suke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Na taɓa ganin mai zane raɗau, da na duba ashe ta girmi ɗana na fari.

Wanda ya ƙudurta sai ya saya, kada ya yarda da abin da agogon mota ya nuna, ana mayar da shi baya. Ka ɗauki lambar sasi, haruffa da lambobi 17 ne, a duba maka tarihinta a intanet, don wasu hatsari suka yi a can, wasu ambaliya ta shanye. Ka ɗaga kafet ka shinshina. Takardun kwastan kuma a tantance su kafin dillali ya karɓi la'adarsa. 'Yar Amurka da mil take ƙirga gudu, ka gaya wa duk wanda za ka ba aro. Ƙanina ya taɓa dawowa daga Kaltungo yana yaba mata, wai a 80 kawai yake tafiya amma yana wuce kowa. Bai san yana dab da 130 ba.

Cikin abokan nan nawa uku, ɗaya ne kawai na ce wa ya saya, wanda yake da gona a wajen Dadin Kowa, kuma layinsu ya fi namu lalacewa. Sauran biyun daga ƙofar gidansu har ofis kwalta ce shimfiɗe, ban ga abin da za su yi da yatsu uku ba ban da biyan kuɗinsu a gidan mai.

Ni kaina yanzu daga Litinin zuwa Alhamis mashin nake hawa zuwa aiki. Motar tana fita ranar Juma'a, da ranar asibitin Goggo, da duk ranar da hadari ya haɗu. Na taɓa yi wa uwargida zancen sayar da ita, ta ce in na sayar in shirya goya Goggo da kaina. Tayoyin gaba sun fara sanƙo, ga damina saura wata biyu, na shiga adashin ofis, kwasata ce ta uku.