Ganuwar Kano ba Bature take jira ba

Duk lokacin hutun ƙarshen shekara, shafukan sada zumunta sukan cika da hotunan mutanenmu a ƙasashen waje. Wannan yana gaban dalar Giza a Masar, wancan yana farfajiyar masallacin Aya Sofiya a Istanbul, masu Umara kuma sun hau dutsen Uhudu suna ɗaga yatsu. Ban ga laifin kowa ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da ke damuna shi ne, a cikin waɗannan masu hoton akwai haifaffun birnin Kano da ba su taɓa taka ƙofar gidan tarihi na Gidan Makama ba, alhali kullum sai sun wuce ta gabansa a mota.

Shekaru da dama ana maganar bunƙasa yawon buɗe ido a Kano, kuma kusan kowace magana Bature take hange: yadda za a jawo shi, otal ɗin da zai sauka, dalar da zai kashe. A ganina nan aka fara kuskure. Tun bayan harin da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 baƙin waje suka ja baya, kuma ba mu da iko a kan ranar da za su dawo. Wanda muke da shi a hannu shi ne ɗan gida, ɗalibin firamare a Fagge, ɗan kasuwar Kwari, amaryar da aka kawo daga Haɗeja. Shi ne kuma ba a taɓa yi wa tanadi ba.

Ba wai abin gani ne babu ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Muhammadu Rumfa, da ya hau gadon sarauta a 1463, ya bar mana Gidan Rumfa da kasuwar Kurmi, Gidan Makama ma da sunansa ake danganta shi. Marinar Ƙofar Mata tana ƙirga shekarunta daga 1498, har yau kuma ana tsoma zane a baba da toka a cikin rijiyoyinta. Ga Dutsen Dala, inda labarin Barbushe da Tsumburbura ya samo tushe. Ga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya kafa makarantar boko ta farko a Kano. Mutum zai iya zaga dukkan waɗannan a wuni guda, da kuɗin Adaidaita Sahu.

Amma je ka duba ganuwar yau. Wani wuri ta zama juji, wani wuri an yashe ƙasarta an yi tubali, wani wuri an yanka fili an kafa shago a kanta. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Mota ta samu hanya, ba musu. Sai dai ƙofar siminti mai fenti ba ta gaya wa yaro komai game da kaurin ginin kakanninsa, ko yadda ake jera azara, ko dalilin da ya sa aka matse bakin ƙofa har mahayi biyu ba sa shiga a jere cikin sauƙi. Suna kawai ya rage.

Nan ne nake ganin mutane ba sa fahimtar ginin ƙasa. Dutse kana iya barinsa shekara ɗari ka dawo ka same shi. Ginin ƙasa kuwa kamar dabba yake, sai da kiwo. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an shafa makuba. Da can aikin gayya ne, unguwa-unguwa ake fitowa, Sarkin Magina yana jagora. Mutanen Jenne a Mali ba su yar da wannan ba, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallacinsu, har abin ya zama biki. A Agadas ma hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27 tana tsaye ne saboda hannu bai daina taɓa ta ba, kuma tun 2013 tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ganuwar Kano tun 2007 take a jerin masu jiran shiga. Najeriya duka wurare biyu ne suka samu shiga, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo.

Za a ce da ni, Malam, mutane na fama da abin sawa a bakin salati, kai kana zancen tsohon bango. Maganar tana da nauyi. Amma a duba wa zai ci moriya idan ɗalibai suka riƙa zuwa a kai a kai: marinin Ƙofar Mata, dukawa da masu sayar da kayan fata a Kurmi, direban bas, mai fura, da saurayin da ya karanta tarihi a jami'a yana zaune ba aiki, wanda zai iya zama ɗan jagora. Baƙon waje sau ɗaya yake zuwa a rayuwarsa. Makarantun Kano kuwa kowane zango suna da sabbin yara.

Akwai ma alamar cewa sha'awar tana nan. Matasa masu ɗaukar bidiyo da waya sun fara hawa Dala suna nuna birni daga sama, masu ɗaukar hoton kafin biki suna neman tsohon soro mai zane su tsaya a gabansa. Wasu na yi musu kallon masu neman suna. Ni kam ina maraba da su, ko da rabin tarihin da suke faɗa yana buƙatar gyara. Aikin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ta jiha shi ne su tarbe su da allunan bayani cikin Hausa, da boko da ajami, da ma'aikacin da zai amsa tambaya ba tare da ya ɗaure fuska ba, da banɗaki mai tsabta, da buɗe ƙofa ranar Asabar da Lahadi lokacin da iyali ke da sukuni.

A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin al'adun gado na duniya, aka yi ta murna. Hawan ya kai wannan matsayi ne domin Kanawa da kansu suke cika titi su kalla, da Bature ko babu shi. Dawakin da ake yi wa ado suna da masu ba su dusa kowace safiya. Bangon da suke wucewa ta gindinsa kuwa, damina mai zuwa ma za ta same shi ba yaɓe.