Ni dai Fredo ne gwanina

Jiya da daddare na sake kallon The Godfather kashi na biyu, kuma har yanzu ina kan bakana: duk taurarin da ke ciki, John Cazale ya fi su iya wasa. Na san masoya Al Pacino da De Niro za su taso mini. Bismillah.

Cazale ne ya fito a Fredo, wan Michael (wanda Pacino ya fito a matsayinsa), ɗan gidan da ba a sa shi a lissafi. Ku tuna a kashi na farko, ranar da aka harbi mahaifinsu yana sayen lemo a bakin titi. Fredo ya zaro bindiga hannu na karkarwa, ta suɓuce ta faɗi ƙasa, sai kawai ya zauna a gefen titi yana kuka kamar yaron goye. Fitowa a jarumi ko bos ba wani abu ba ne, murya da harara sun isa. Amma mutum ya fito a rago, ka ji kamar ka mare shi, kuma tausayinsa ya hana ka sakat, wannan sai gwani. A kashi na biyu kuwa, inda yake kishingiɗe a kujera yana faɗa wa ƙanensa cewa shi ne babba amma aka tsallake shi, wallahi sai da na tuna wani gida a unguwarmu da aka damƙa wa ƙane makullin shago, wan yana zaune a kan benci yana kallo.

An haifi Cazale a 1935 a jihar Massachusetts ta Amurka, mahaifinsa ɗan asalin Italiya. Ya sha wuya kafin a san shi: ya yi tuƙin tasi, ya yi masinja a kamfanin mai na Standard Oil, can ma suka haɗu da Pacino. Wasan daɓe ne gidansa na asali, kuma a 1968 shi da Pacino suka ci kyautar Obie ta 'yan wasan daɓe a birnin New York.

Fim biyar kacal ya yi: Godfather guda biyu, The Conversation, Dog Day Afternoon da The Deer Hunter. Duka biyar ɗin sun shiga takarar Oscar ta fim mafi kyau, uku suka lashe. Shi kansa ko sau ɗaya ba a saka sunansa a takara ba, abin da har yau yake ba ni haushi.

Lokacin fim na ƙarshe ciwon dajin huhu ya riga ya ci ƙarfinsa. Masu kuɗin fim suka so a cire shi, Meryl Streep, jarumar fim ɗin wadda suke soyayya tun 1976, ta ce in ya tafi ita ma ta tafi. Sai aka fara ɗaukar fitowarsa kafin ta kowa. Ita ta yi jinyarsa har ya rasu a watan Maris na 1978 yana da shekara 42, fim ɗin bai ma fito ba.