Ranar da Kowa Ya Zama Saadatu

Akwatin bincike kawai aka ce in saka a manhajar rajistar mambobinmu: mutum ya rubuta suna, ya danna, a kawo masa bayanan mai sunan. Na yi wa aikin kallon na rabin awa, kuma a rabin awar na gama shi. Na gwada da Musa, ya fito. Na gwada da Binta, ta fito. Na miƙe ƙafa, na ce wannan ai ko cikin barci aka tashe ni zan rubuta shi.

Kwana uku a tsakani, sai ga Hajiyar da ke kula da rajista tsaye a kaina.

"Injiniya, abin nan naka ba ya son Sa'adatu."

"Hajiya, ai kwamfuta ba ta da so ko ƙi. Wataƙila ba a yi mata rajista ba ne."

"Ni na yi mata da hannuna. Ina rubuta sunanta sai shafin ya yi fari fat, ya kawo wani dogon Turanci."

Dogon Turancin nan kuskure mai lamba 1064 ne, wanda duk mai aiki da MySQL, manhajar da ke riƙe rumbun bayananmu, ya san shi kamar yunwar cikinsa. Abin da yake cewa shi ne nahawun umarninka ya karye, ka duba kusa da wuri kaza. Wurin da ya nuna min kuwa shi ne `adatu'`. Na zuba wa allo ido. Wace ce kuma Adatu? Ba mu da wata Adatu a rajista, ban taɓa jin mai wannan suna ba, amma ga rumbun bayanai yana ƙorafi a kanta kamar ta ci masa bashi.

Sai da na buga ainihin umarnin da manhajar ke aikawa na kalle shi da idona, sannan na gane. Ni da kaina na ɗinka shi da hannu: na rubuta farkon jimlar SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, na manna abin da mutum ya shigar a tsakiya, na rufe da waƙafin sama. Abin da ya isa rumbun shi ne `WHERE suna = 'Sa'adatu'`. A wurin SQL, wannan ɗan waƙafin sama shi ne ƙofar buɗe rubutu kuma shi ne ƙofar rufe shi. Ya ga na farko ya buɗe, ya karanta Sa, ya ga alhamzar da ke cikin sunan ya ɗauka an rufe. Ragowar adatu ta tsaya a waje, ba uwa ba uba. Masu wannan sana'a a Turai sun daɗe da shan irin wannan wahala da suna O'Brien; mu kuwa Sa'adatu, Isma'il, Shu'aibu da Mu'azu suna nan jere suna jirana.

A nan ne mai hankali zai tsaya ya tambayi na gaba da shi. Ni sai na yi dabara. Na ƙara layi ɗaya a kod ɗin, wanda zai cire duk wani waƙafin sama daga abin da aka rubuta kafin a aika. Shafi ya daina faɗuwa. Na aika wa Hajiya cewa an gyara.

Minti goma ba a yi ba ta dawo. "Yanzu ba ya kawo Turancin. Cewa yake babu ita gaba ɗaya."

To ai dole. Manhajar tana neman Saadatu, rumbun kuma Sa'adatu ya sani. Kuma maimakon in janye dabarar, sai na ce bari in bi ta da wata: tunda na aske alhamza daga tambaya, bari in aske ta daga rumbun ma, kowa ya huta. Amma ni mutum ne mai taka-tsantsan, zan fara gwadawa da mutum ɗaya tukuna. Na buɗe MySQL Workbench, manhajar da ake aika wa rumbun umarni kai tsaye, na rubuta layi biyu. Na farko: `UPDATE mambobi SET suna = 'Saadatu'`. Na biyu, a ƙasansa: `WHERE id = 318`, watau a canza sunan mai lamba 318 kaɗai, Sa'adatu.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata in faɗa a nan, ko da yake ba sa ƙara min kwarjini. Na ɗaya, Workbench yana zuwa da wata kariya a kunne, wadda ke hana UPDATE ko DELETE tafiya idan ba a tantance layukan da mabuɗi ba. Sai ya tsayar da kai da kuskure mai lamba 1175. Wannan kariya ni na kashe ta da hannuna watanni da suka wuce, don wai tana ɓata min lokaci. Na biyu, maɓallin nan mai hoton walƙiya, idan ka haskaka wani ɓangare na rubutunka, ɓangaren kaɗai yake aikawa. Ni kuma, garin kwafe-kwafe, na bar layin farko a haskake.

Na danna.

A ƙasan allo, inda nake jiran in ga an taɓa layi 1, sai na ga an taɓa layi dubu huɗu da ɗari biyu da wani abu. Da koren alama a gefe, ta nasara. Ban taɓa ganin kore mai muni irin wannan ba.

Na buɗe teburin da hannu yana rawa. Saadatu. Saadatu. Saadatu. Na gangara ƙasa: Saadatu. Shugaban ƙungiya Saadatu, ma'aji Saadatu, dattijon da ya yi rajista tun ranar farko Saadatu, ni kaina, mai lamba 7, Saadatu. Na rubuta ROLLBACK, umarnin janye abin da aka yi, da sauri kamar mai watsa wa gobara ruwa da cokali. Rumbun ya amsa da ladabi cewa to, ya yi, bai kuma mayar da komai ba, domin MySQL yana tabbatar da kowane umarni nan take sai fa idan ka buɗe ma'amala da START TRANSACTION tun farko. Ban buɗe ba. Garin neman gira na rasa ido.

Haka na tashi na nufi teburin Malam, babban mai shirya manhajarmu, mutumin da bai cika ɗaga murya ba, abin da ya sa shirunsa ya fi faɗa ciwo.

"Malam, ranka ya daɗe, akwai 'yar matsala."

"'Yar ko uwar?"

Na juya masa allon. Ya gangara, ya gangara, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "To, Saadatu," in ji shi, "jawo kujera."

Allah ya taimake ni, akwai kwafin ajiya da ake ɗauka kowane dare da mysqldump. Malam bai yarda a mayar da shi kan rumbun kai tsaye ba, don kada a shafe aikin da aka yi tun safe. Muka zuba shi a wani tebur na daban, muka haɗa teburan biyu ta lambar id, muka dawo da sunaye kawai. Wannan karon shi ya sa na fara rubuta START TRANSACTION, na rubuta umarnin a matsayin SELECT na ga layukan da zai taɓa, sannan na mayar da shi UPDATE, na duba, na ce COMMIT, watau a tabbatar. Sai da ya ga na sake kunna kariyar 1175 kafin ya ɗauke idonsa daga kaina.

Saura waɗanda aka yi wa rajista da safen nan, bayan an ɗauki kwafin. Su babu sunansu a ko'ina sai a takardun Hajiya. Na ce wa Malam ya bar min wannan, ai mai sauƙi ne. Na rubuta tambaya: kawo min duk wanda lambar katinsa ba ta cikin jerin lambobin katin da ke tsohon kwafi, da NOT IN. Amsa ta dawo babu ko layi ɗaya. Na yi hamdala, na shelanta wa ofis cewa ba a rasa kowa ba.

Hajiya ba ta ce uffan ba. Ta je akwatin binciken nan nawa, ta rubuta Saadatu, ta juyo min da allonta. Mutum goma sha ɗaya. Bakwai daga ciki maza.

Abin da ya faru sai da Malam ya zana min a takarda. A tsohon kwafin akwai mambobin da ba a ba su kati ba tukuna, gurbin lambarsu NULL ne. NULL kuwa ba sifili ba ne, ba kuma rubutu marar komai ba ne. Ma'anarsa "ba a sani ba". Idan ka ce lamba kaza ba ta cikin jerin 10, 11 da NULL, rumbun yana fassara shi da: ba 10 ba ce, kuma ba 11 ba ce, kuma ba abin nan da ba a sani ba ce. Tambayar ƙarshen nan ba ta da i ko a'a. Amsarta ita ma "ba a sani ba", WHERE kuma ba ya barin layi ya wuce sai amsarsa ta zama i tsantsa. NULL guda ɗaya tak a cikin jerin ya isa ya hana kowa fitowa. Ko NULL da NULL ka gwama da alamar daidai, ba zai ce maka daidai suke ba, shi ya sa aka tanadi IS NULL. Na ce wa Malam wannan ai mugunta ce. Ya ce in kai ƙara wurin Edgar Codd na IBM, wanda ya kafa tushen wannan tsari a 1970, sai dai ya rasu tun 2003. Sannan ya tambaye ni me ya hana ni amfani da id, wanda ba ya taɓa zama NULL, ko NOT EXISTS. Na ce ina ta tunanin hakan. Ƙarya nake yi.

Bayan Hajiya ta mayar wa mutum goma sha ɗaya sunayensu daga takarda, tana yi tana karanto kowanne da ƙarfi don in ji, muka koma kan asalin ciwon. Malam ya ce in buɗe shafin shiga na manhajar, wanda shi ma ni na rubuta da irin ɗinkin hannun nan. A gurbin suna ya rubuta `' OR '1'='1' -- `, a gurbin kalmar sirri ya danna haruffa barkatai. Ya shiga. A matsayin shugaba. Waƙafin farko ya rufe rubutuna, sharaɗin da ya biyo baya gaskiya ne a kan kowane layi, 'yan sandunan nan biyu kuma suka mayar da ragowar umarnin, har da duba kalmar sirri, bayanin gefe da rumbun ba ya karantawa. Ya ce tun 1998 ake rubutu a kan wannan ɓaraka, kuma irin wannan cushen umarni shi ne na ɗaya a jerin manyan haɗurra goma na OWASP, ƙungiyar masu tsaron manhajoji, a 2010 da 2013 da 2017. Watau Sa'adatu ba ɓata min aiki ta yi ba, ƙofar da na bari a buɗe ta jingina da ita ta faɗo.

Maganin kuwa, abin haushi, ya fi dabarata gajarta. Ka rubuta umarnin da gurbi, `WHERE suna = %s`, ka miƙa sunan daban, direban rumbun, ɗan kod ɗin da ke haɗa manhajar da rumbun, ya san yadda zai kai shi a matsayin bayani ba umarni ba. Na goge layin askin alhamza, na rubuta haka. Python, harshen da muka rubuta manhajar da shi, ya ƙi, wai shi jeri yake so ba rubutu ba. Na yi minti ashirin ina zargin direban, ina shirin sake saukar da shi, kafin Malam ya miƙo yatsa ɗaya daga inda yake zaune ya nuna: `(suna)` na rubuta, alhali `(suna,)` ake so. Baka biyu kaɗai ba sa yin jeri a Python, waƙafin ne ke yi. Da safe waƙafin sama ya kayar da ni, da yamma na ƙasa.

Na gwada Sa'adatu. Ta fito, da alhamzarta, lamba 318. Na kusa yi mata sannu da zuwa.

Washegari Hajiya ta ce Isma'il yana fitowa idan ta nema a kwamfuta, amma a wayarta babu shi. Wannan karon ban yi musu ba, ban kuma yi dabara ba. Na sa an buga abin da wayar ke aikowa, na duba shi da HEX, aikin da ke nuna ainihin lambobin da ke ƙarƙashin haruffa. Alhamzar kwamfuta 27 ce. Ta wayar E28099. A ido kusan abu ɗaya ne, ɗaya a miƙe ɗaya da ɗan lanƙwasa, amma a wurin rumbun ba su ko haɗa dangi ba. Wayoyin iPhone tun iOS 11 a 2017 suke lanƙwasa waƙafin da kansu don ado, kamar yadda Word ya saba yi. Da na bincika rumbun sai na tarar da iri na uku ma, CABC, wanda wasu kibod ke sakawa. Isma'il uku, kowanne da irin alhamzarsa, kuma babu mai amsa kiran ɗan'uwansa. Na rubuta ɗan aiki da ke mayar da dukkansu iri ɗaya, a lokacin ajiyewa da lokacin nema. Gyaran tsofaffin layuka kuma na yi shi cikin ma'amala, Malam yana tsaye a bayana da hannu a aljihu, na karanta WHERE ɗin da ƙarfi sau biyu kamar mai biya hadda.

Sunan dai ya bi ni. Har sabon yaron da aka ɗauka aiki daga baya, wanda bai san labarin ba, ya zo da ladabi ya ce an ce masa ya nemi Oga Saadatu ya duba masa wani JOIN, umarnin haɗa tebura, da ke ninka masa layuka.

Ina cikin nuna masa ne na ji takun Hajiya. Ban ɗago ba, na ce, "Hajiya, alhamza kam an gama da ita, kowace iri ce."

"Na sani, Injiniya. Ɗahiru nake nema. Na rubuta Dahiru, ya ce babu."

Na buɗe HEX. D ɗin Hajiya 44. Ɗ ɗin Ɗahiru C68A. Na juya wajen teburin Malam, na tarar har ya riga ya jawo min kujera.