Daren da na tura wayata cikin watan Disamba

Abin alfaharina a duniyar wasannin waya guda ɗaya ne, kuma na sha faɗinsa a gaban mutanen da ba su tambaye ni ba: tun da na fara wasa ban taɓa biyan kuɗi don sayen rai, ko makami, ko tsallake mataki ba. Na fara ne da wasan maciji na Snake II a kan Nokia 3310, wayar da ta fito a shekarar 2000, inda babu talla, babu data, babu wanda ke roƙonka ka sayi komai, sai dai macijin ya yi ta tsawo har ya ciji kansa. Da manyan wayoyi suka zo na bi Angry Birds na kamfanin Rovio na ƙasar Finland, na yi gudu a Temple Run da Subway Surfers har babban yatsana ya yi kanta, kuma ina cikin waɗanda suka yi juyayi a watan Fabrairun 2014 lokacin da Dong Nguyen, ɗan ƙasar Biyetnam, ya janye Flappy Bird da kansa saboda ya ga mutane sun kamu da shi fiye da kima. A lokacin ina ganin mutumin ya cika tsoro, domin ban ga yadda wasa zai fi ƙarfin mai hankali ba.

Wanda bai sani ba zai ɗauka cewa wasan kyauta ba shi da wahala, alhali kuwa akwai dabaru da sai an daɗe a harkar ake iya su. Na san wasannin da tallarsu ke ɓacewa idan an kashe data, na san waɗanda ke ba da ƙarin rai idan ka haƙura ka kalli talla ta daƙiƙa talatin, kuma na ƙware wajen hango ɗan ƙaramin alamar rufe talla da ake ɓoyewa a kusurwa, wadda idan yatsanka ya kauce kaɗan sai ka tsinci kanka kana sauke wani wasan da ba ka nema ba. Uku daga cikin wasannin da ke wayata yanzu ta wannan hanyar suka shigo, kuma na bar su saboda ba a korar baƙo.

Wasan da ya ja mini abin da zan ba da labari irin na jera abubuwa masu launi ɗaya uku-uku ne, kuma ba zan faɗi sunansa ba domin laifin nawa ne. Tsarinsa shi ne ana ba ka rayuka biyar, duk faɗuwa ka rasa ɗaya, kowane rai kuma sai bayan minti talatin yake dawowa, wato idan ka ƙarar da su sai ka jira awa biyu da rabi kafin su cika, ko kuma ka biya. Na maƙale a mataki na 347 har tsawon mako biyu, kullum sai saura motsi ɗaya in ci sai wasan ya tsaya, ya fito da wani allo mai fara'a yana tambayata ko ina son ƙarin motsi biyar.

Ranar Lahadi ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha uku, ya leƙo ya ga ina zaune ina kallon ƙidayar mintuna kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ya ce, "Kawu, ai ba a jira. Wasan nan agogon wayarka yake dubawa. Ka shiga saiti ka kashe lokacin da ke daidaita kansa, ka tura agogon gaba da awa uku, sai ka buɗe wasan, za ka ga rayuka sun cika. Bayan nan kuma sai ka..." A nan na ɗaga masa hannu, na shaida masa cewa ina wasan waya tun kafin iyayensa su san juna, saboda haka ba na buƙatar dogon bayani. Yaron mai ladabi ne, ya ce to, ya yi shiru.

Da misalin ƙarfe goma na dare na gwada, kuma abin ya yi aiki. Ba zan iya kwatanta daɗin da na ji ba, domin ji na yi kamar na gano ƙofar baya ta gidan da aka daɗe ana hana ni shiga. Na tura awa uku, na ƙarar da rayukan, na sake turawa, na sake, sannan na lura cewa juya lambobin awa yana ci mini lokaci, alhali taɓa rana ta gaba a kalanda bugu ɗaya ne kawai. Daga nan na koma tsallake kwanaki. Lissafin da na yi daga baya ya nuna na tsallake kwana 23 a kan awa tara ta farko, na kuma kashe rayuka 135, duk a kan mataki ɗaya, wanda har barci ya sace ni wajen ƙarfe biyu ban ci shi ba.

Ƙararrawata ta ƙarfe shida na safe ba ta buga ba, kuma ba laifinta ba ne, tunda a ganin wayar lokacin da na yi barci ƙarfe goma sha ɗaya ne na rana. Da na farka na lalubo wayar, sai na ga biyar da rabi na yamma, Laraba, 10 ga Disamba, alhali na kwanta da sanin cewa gari zai waye Litinin, 17 ga Nuwamba. Mutum mai cikakken barci zai tuna abin da ya aikata nan take, amma ni abin da ya fara zo mini shi ne na yi doguwar suma. Na shafa haɓata in ji ko gemu ya ƙaru, na motsa yatsun ƙafata ɗaya bayan ɗaya, sannan na fito na tambayi matata cikin sanyin murya ko na daɗe a kwance. Ta ce, "Sosai kuwa, Maigida. Na tashe ka sau biyu, kana ta cewa saura motsi ɗaya." Sai da ta ƙara da cewa takwas da rabi ta yi, kuma ba yau ne nake da taron ƙarfe tara ba, sannan hankalina ya dawo gida.

Na yi niyyar aika wa shugabana saƙo cewa zan makara, amma manhajar saƙon ta ƙi buɗewa, tana cewa kwanan watan wayata ba daidai ba ne, yayin da tunatarwar mako uku, har da ta taron da ba a yi ba tukuna, suka taru a saman allo suna zargina da sakaci. Gyaran bai fi minti ɗaya ba, amma mai sauri ba ya tunani, don haka na jefa wayar a aljihu na fita.

Na isa ofis tara da minti arba'in, na shiga ɗakin taro a sunkuye, aka miƙo mini takardar halarta. Shekaru ke nan ban riƙe kwanan wata a kaina ba, wayar ce ke riƙe mini, saboda haka hannuna ya ciro ta, idona ya duba, alƙalamina ya rubuta 10 ga Disamba ba tare da wani ya nemi shawarata ba. Da takardar ta koma hannun shugaban, ya daɗe yana dubanta, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam, mun ɗauka ka makara da minti arba'in, ashe ka riga mu da mako uku. Tunda daga can ka fito, ko za ka gaya mana an amince da kasafin da muke tattaunawa?" Na ce, "Yallaɓai, wayar ce ta samu matsala." Ya ce lallai matsalar babba ce, tunda har ta sa mini ja a ido.

Wajen sha ɗaya da rabi na mayar da agogon yadda yake, komai ya koma daidai, ban da wasan. Da na buɗe shi ya sanar da ni cikin fara'arsa ta kullum cewa rai na gaba zai zo bayan awa 552, domin shi a wurinsa na mutu ne a watan Disamba, kuma a can zai jira ni. A ƙasan sanarwar akwai maɓallin biya, wanda ban taɓa ganin ya yi kyau irin na ranar ba.

Da yamma na kira ɗan ƙanwata ina shirin yi masa faɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kawu, ai ba ka bari na ƙarasa ba. Idan rayukan suka cika, fita ake yi a mayar da agogo daidai kafin a fara wasa." Ya ce har yanzu za a iya gyarawa idan na sake tura kwanan watan sau ɗaya, amma matata, wadda ke sauraro, ta riga ta karɓi alkawari daga bakina cewa ni da saitin lokaci mun rabu.

Yau saura kwana tara. Ina rage zafi da baƙin wasannin nan uku, kuma a gefen gadona akwai sabon agogon tebur mai ƙararrawa, wanda matata ta sa na saya da kuɗina. Ta ce shi ne kuɗin farko da wasan kyauta ya ci mini, ni kuwa na rubuta shi a lissafin kayan ɗaki.